Wai ina abin dariyar yake a rubutun Mark Twain?

Sadiq_Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini ca. Kwanakin baya na tsinci littafin Huckleberry Finn wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. A bayan bangon an rubuta wai marubucinsa, Mark Twain, shi ne sarkin barkwancin Amurka. Na ce to madalla, yau zan sha dariya. Wallahi na kai shafi na 90 ko murmushi ban yi ba. Yaro ne ubansa mashayi yana jibgarsa, ya gudu, ya haɗu da wani bawa shi ma ya tsere, ga gawar mutum a cikin wani gida da ambaliya ta ɗebo. Turancin kuwa kamar ana tauna tsakuwa. Ni ne ban gane ba, ko Turawa ne ke da arhar dariya? Kuma shi mutumin wane ne?

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Ta katanga ka shiga gidan, Sadiq. Da Tom Sawyer ake farawa. Mu a sakandare an ba mu wanda aka taƙaita. Har gobe ina tuna inda innarsa ta sa shi shafa wa shinge farar ƙasa ranar Asabar don horo, shi kuma ya riƙa yi yana yanga kamar wani aikin gata aka ba shi, har yaran unguwa suka dinga kawo masa toshiya, wannan tuffa, wancan mataccen ɓera ɗaure da zare, don dai ya bar su su riƙe burushin. Ya miƙe ƙafa a inuwa, suka yi wa shingen shafi uku. In wannan bai ba ka dariya ba sai dai a nemo maka mai ruƙiyya.

Dan_Gwandu: Wannan ai Gizo ne ya sa wando.

Malam_Ilu: Sadiq, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ta fi sauƙi. Sunansa na yanka Samuel Langhorne Clemens. An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1835 a wani ƙauye mai suna Florida cikin jihar Missouri, kada a rikita da jihar Florida. Yana da shekara huɗu suka koma Hannibal a bakin kogin Mississippi, garin da ya zama dandalin labaran Tom da Huck. Mahaifinsa ya rasu a 1847, yaron yana da shekara 11, ba da jimawa ba ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a maɗaba'a, yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Makarantarsa ke nan. Duk wanda ya yi shekaru yana tsintar haruffa da yatsa zai san nauyin kalma.

Daga baya ya koyi tuƙin jirgin ruwa mai tururi a hannun wani Horace Bixby, ya sami lasisi a 1859. Aiki ne mai albashi mai tsoka da daraja, sai dai sai ka haddace kogi mai tsawon sama da mil dubu, kwana-kwanarsa da tudun yashinsa da kututturan da ke ɓoye a ruwa, dare da rana, ga shi kogin yana sauya hanya. A gaban jirgi akwai mai jefa igiya da dalma yana auna zurfi yana shelantawa. In ya ce "mark twain" yana nufin gaba biyu, wato ƙafa 12, ruwa ya isa jirgi ya wuce. Daga nan ya ɗauko sunan, ya fara sa shi a jarida a watan Fabrairun 1863 a Virginia City ta Nevada, bayan yaƙin basasa ya rufe kogin a 1861, shi kuma ya bi yayansa Orion yamma, ya gwada haƙar azurfa ya tashi a tutar babu.

Dan_Gwandu: Ashe sunansa Malam Gaba Biyu. Shi ke nan, daga yau na raɗa masa.

Bintu_Maradi: Malam Ilu Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da na taɓa ji a kansa shi ne zancen tauraruwa mai wutsiya. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?

Malam_Ilu: Gaskiya ne, Bintu. Tauraruwar Halley ta ziyarci sararinmu a watan da aka haife shi. A 1909 ya ce tare suka zo, kuma yana sa ran tare za su tafi. Ta dawo a 1910, shi kuma ya rasu ranar 21 ga Afrilu na shekarar a Redding, jihar Connecticut. Dace ne kawai, mutum ne ɗan shekara 74 mai ciwon zuciya, amma dacen ya yi kama da irin labaran da yake shiryawa.

Abba_Kwamfuta: Ai shi ne ya ce kafin gaskiya ta sa takalmi ƙarya ta zagaya rabin duniya. Ina da hoton maganar ma a wayata.

Hajiya_Laburare: Abba ƙanena, goge hoton nan. Masu bin diddigi sun duba rubuce-rubucensa ba su sami wannan magana ba, kuma tana yawo a bakin mutane tun kafin a san da shi. Duk maganar hikima marar uba a Facebook sai a liƙa wa Mark Twain ko Einstein, kamar yadda mu ma muke cewa "in ji masu iya magana". Wadda na tabbata tasa ce ita ce ta 1897, yana Landan, wani ɗan'uwansa mai suna Clemens ya kwanta ciwo, sai jita-jita ta juye kansa cewa shi ne ke bakin mutuwa ko ma ya mutu. Ɗan jarida ya zo tambaya, ya rubuta masa cewa labarin mutuwar tasa an yi masa zuzutawa.

Abba_Kwamfuta: Hhh to ƙaryar ta zagaya duniya ta iso wayata ke nan. Na goge, Hajiya.

Sadiq_Fagge: Na gode, amma har yanzu ba a taɓo inda ke mini ƙaiƙayi ba. Me ya sa ban yi dariya ba?

Kawu_Rediyo: Saboda da ido ka karanta, ɗana, shi kuma da kunne ya rubuta. Na yi shekaru ina shirya wasan kwaikwayo na rediyo, kuma abin da na koya shi ne barkwanci iri biyu ne. Akwai na ɗan kama, wanda tun daga shigarsa da murguɗa bakinsa ka san dariya ya zo ba ka. Akwai kuma na dattijon majalisa da zai murtuke fuska ya ba ka labarin banza da wofi kamar yana karanta wasiyya, kai kana ta kaɗa kai, sai ka kai ƙofar gida abin ya fashe maka. Mark Twain na biyun ne. Yana da wata maƙala ta 1895 kan yadda ake ba da labari, inda ya ce mai bayarwa ya ɓoye cewa ya ma san akwai abin dariya a ciki, kuma ya ce ran labari yana wajen ɗan shirun da ake yi kafin a saki magana. In shirun ya gaza ko ya zarce, an yi asara.

Misalin da ya kawo wata tatsuniya ce ta fatalwa. Wani mutum matarsa ta mutu, tana da hannu na zinariya, ya je da dare ya tone kabarin ya ciro hannun. Yana dawowa cikin iska sai ya ji murya tana bin sa tana tambayar wa ya ɗauke mata hannunta. Ya shiga ɗaki ya ƙudundune, muryar tana hawowa, tana matsowa, har ta tsaya a kansa. A nan mai labari zai yi tsit, ya kafe wadda ta fi kowa tsorata a cikin taron da ido, ya bar shirun ya nuna, sannan ya daka mata tsawa cewa ke ce kika ɗauka! Ya ce in ka daidaita shirun sai ta yi tsalle ta bar takalmanta. To gaya mini, wace kakarmu ce ba ta san wannan dabarar ba? Kuma shi ma ba a littafi ya koya ba. Wajen wani bawa ya ji ta, Uncle Dan'l, a gonar mijin innarsa John Quarles inda yake zuwa hutu yana yaro.

Huck bai san yana ba da dariya ba. Shi iyakar gaskiyarsa yake faɗa. Kai ne za ka ga abin da bai gani ba.

Ummu_Hanan: Kawu ka tuna mini da marigayiya kakata. Ita ma haka take yi mana da labarin dodo, fitila a rage, sai ta cafko ƙafar wanda ya fi lafewa.

Nura_Madaba'a: Ni ta fannin sana'ata na san shi, kuma a nan ba shi da wayo ko kaɗan. Wani James Paige ya ƙera injin da zai riƙa jera haruffa da kansa, ya maye gurbin hannun mutum. Tunda Twain ya sha wahalar aikin yana yaro, yana ganin injin ya haukace. Daga 1880 zuwa 1894 ya narka kusan dala 300,000 a ciki, har da dukiyar gadon matarsa. Injin yana da sassa kusan 18,000. Duk wanda ya taɓa aiki da inji ya san ma'anar wannan: yau wannan ya karye, gobe wancan ya goce, shi kuma mai ƙirar kullum kwance shi yake yi wai zai ƙara gyara. Suna cikin haka injin Linotype ya shigo, wanda maimakon ya kwaikwayi hannun mutum sai ya narka dalma ya zubo layi guda sukutum. Ya cinye kasuwa. Na Paige ko sayar da shi ba a yi ba.

Alhaji_Kantin_Kwari: Ai ba injin kaɗai ba. Yana da kamfanin buga littattafai da ya ɗora mijin 'yar yayarsa, Charles Webster, a kai. Farkon shiga suka yi sa'a, suka buga tarihin rayuwar tsohon shugaban ƙasa Janar Grant a 1885, wanda ya kammala rubutawa kwanaki kaɗan kafin ciwon daji na maƙogwaro ya kashe shi. Matar Grant ta sami sama da dala 400,000. Irin wannan sa'ar farko ita ke kashe ɗan kasuwa, sai ya ɗauka kullum haka ne. A 1894 kamfanin ya karye.

Amma ga inda nake cire masa hula. Wani attajirin kamfanin mai na Standard Oil, Henry Rogers, ya shigo ya tsara masa lamuransa, ya mayar da haƙƙin mallakar littattafan sunan matarsa don kada masu bin bashi su kwashe. A doka, da ya iya biyan wani kaso ya kaɗe rigarsa. Ya ce a'a. Yana dab da shekara 60, ga ciwon maruru yana damunsa, ya ɗauki matarsa da 'yarsa Clara a 1895 suka zagaya duniya yana hawa dandamali yana ba mutane dariya don kuɗi: Ostareliya, New Zealand, Silon (Sri Lanka ta yanzu), Indiya, Afirka ta Kudu. Zuwa 1898 ya biya kowa cif. Ni na san mutane a kasuwar nan da suka karye da kuɗin jama'a, shekara biyu ka gan su da sabuwar mota, in ka yi magana a ce ba ka yarda da ƙaddara ba.

Dan_Gwandu: Alhaji ya taɓo inda ke masa ciwo.

Alhaji_Kantin_Kwari: Ƙwarai kuwa. Wani yaro ya taɓa zuwa mini da takardu da hotunan injin sarrafa tumatir, bakinsa kamar zuma. Na ba shi kuɗin da na tara don auren 'yata. Sau uku ina zuwa ganin injin, kullum an ce saura ƙarfe ɗaya ya iso daga waje. Yau shekara shida. Shi ya sa ban iya yi wa Malam Gaba Biyu dariya ba a kan wannan, ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu, sai dai shi ya iya tuƙi.

Zainab_Hartford: Ina zaune a Connecticut, kuma na kai yarana gidansa da ke Hartford, yanzu gidan tarihi ne. Malam Nura, injin naka yana nan a ajiye, ƙato, shi kaɗai ya rage. Sun zauna a gidan daga 1874 zuwa 1891, lokacin da ya rubuta manyan littattafansa, ko da yake yawancin rubutun a gonar 'yar'uwar matarsa a Elmira yake yi da bazara. A hawa na uku akwai ɗaki mai teburin wasan biliyad, a nan yake aiki yana busa sigarinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin karatu. A saman murhu akwai kayan ado a jere, da hoton wata kyanwa a gefe ɗaya, da hoton wata budurwa a ɗaya gefen. 'Ya'yansa mata sukan sa shi ya ƙirƙiro labari nan take, dole ya fara da kyanwar, ya bi ta kan kowane abu bi da bi, ya ƙare da budurwar, kuma kullum sabo. In ya tsallake ɗaya su ce sake.

To a cikin gidan nan babbar 'yarsa Susy ta rasu da sanƙarau a watan Agustan 1896, tana da shekara 24. Shi yana Ingila, ya gama zagayen biyan bashin ke nan yana jiran ta zo su haɗu. Uwar da Clara suna tsakiyar teku a hanyar zuwa wajenta. Waya aka buga masa ta tangaraho yana shi kaɗai. Ba su sake zama a gidan ba.

Hajiya_Laburare: Kuma ba ita kaɗai ba. Ɗansu na fari, Langdon, mashaƙo ya ɗauke shi yana wata 19. Matarsa Olivia ta rasu a Florence ta Italiya a 1904. Autarsu Jean, mai farfaɗiya, an same ta a bahon wanka ranar 24 ga Disamba 1909. Cikin 'ya'ya huɗu Clara kaɗai ta binne shi. Tun yana saurayi ma, ƙanensa Henry ya mutu a 1858 da tukunyar jirgin Pennsylvania ta fashe, kuma shi ne ya samo masa aiki a jirgin. Bai taɓa yafe wa kansa ba. Saboda haka Sadiq, gawar da ka gani a cikin gidan da ruwa ya ɗebo ba baƙuwa ba ce a wajen marubucin.

Bintu_Maradi: Kai, wannan rayuwa. Ni yanzu tausayi ma ya ba ni.

Abu_Ammar: Ku yi haƙuri in sa baki. Ana ta yabo, amma ba a faɗa wa masu karatu cewa mutumin nan a ƙarshen rayuwarsa ya yi rubuce-rubucen izgili ga addini ba. Akwai wanda 'yarsa Clara ta hana a fitar, sai a 1962 ya fito. Musiba ta same shi, maimakon haƙuri sai ya juya yana tuhumar Mahalicci. Har a littafin da Sadiq ke karantawa akwai inda yaron ya ce ya yarda ya shiga wuta. Wannan ne za mu miƙa wa 'ya'yanmu?

Malam_Ilu: Malam Abu Ammar, rabin maganarka haka take. Rubutunsa na ƙarshe akwai ɗaci da shakka a kan addini, ba mai musun wannan, kuma ni ma ba zan ba yaro su ba. Amma wurin da ka ambata a Huck, sake dubawa. Yaron ya tashi a garin da aka koya masa, har daga kan mumbarin coci, cewa taimakon bawa ya gudu sata ce kuma zunubi ne. Ya rubuta wasiƙa zai tona inda Jim, bawan da suke gudu tare, yake don ya wanke kansa. Sai ya tuna yadda Jim ke karɓar masa gadi da dare don ya yi barci, yadda yake kiransa da sunayen ƙauna. Ya yaga wasiƙar, yana mai imanin cewa ya halaka kansa. Yaron yana aikata daidai yana zaton ɓarna ce. Wa ake zarga a nan? Waɗanda suka karkatar da addini don ya yi wa cinikin mutane hidima. Wannan shi ne shirun da Kawu ya faɗa, marubucin bai ce uffan ba, ya bar ka da shi.

Abu_Ammar: Na ji bayaninka Malam, na kuma gode. Amma ina nan a kan bakata game da sauran.

Fatima_BUK: Tunda an zo kan Jim. Ni matsalata da littafin daban ce. Kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata ta fito sama da sau 200. A 2011 har wani malamin jami'a ya fitar da bugun da ya musanya ta da "bawa", aka yi ta cece-kuce. Ni ba kalmar ce ta fi damuna ba, haka mutanen wurin suke magana. Ƙarshen littafin ne. Bayan duk wannan tafiya, sai Tom ya dawo ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara, ana sa shi kwana da macizai da ɓeraye, alhali Tom ya san an riga an 'yanta shi. Mutum mai mata da 'ya'ya ya koma abin wasa. Shi ya sa na ji daɗin da Percival Everett ya sake ba da labarin ta bakin Jim a littafinsa na 2024, har ya ci kyautar Pulitzer.

Hajiya_Laburare: Abin mamaki, lokacin da ɗakin karatu na garin Concord ya kori littafin a 1885 ba don wannan ba ne. Cewa suka yi harshensa na 'yan tasha ne, zai ɓata tarbiyya. Kowane zamani da abin da ke ɓata masa rai a littafi ɗaya.

Fatima, nemi wani ɗan gajeren rubutunsa na 1874 da ya fito a mujallar Atlantic. Ya tambayi wata tsohuwa mai dafa abinci, wadda kullum cikin raha take, yadda aka yi ta shekara sittin ba ta taɓa ganin damuwa ba. Sai ta tsaya ta dube shi, ta ba shi labarin ranar da aka yi gwanjonta a Richmond, aka sayar da mijinta da 'ya'yanta bakwai a gaban idonta, ɗaya kaɗai ta sake gani. Matar gaske ce, Mary Ann Cord, a gonar Elmira take aiki. Abin da ya burge ni, kansa ya mayar wawan labarin, shi ne mai tambayar rashin hankali. Sannan a 1885 ya ɗauki nauyin wani ɗalibi baƙar fata a sashen shari'a na jami'ar Yale, Warner McGuinn, wanda daga baya ya zama lauya a Baltimore har ya yi wa Thurgood Marshall jagora, baƙar fata na farko a kotun ƙolin Amurka.

Fatima_BUK: Zan nema, Hajiya. Amma kyautatawar mutum ba ta gyara babin da ya rubuta ba daidai ba.

Sani_Tarihi: Ni inda ya shiga raina shi ne tsufansa, lokacin da ya daina neman a so shi. Daga 1901 har ya mutu mataimakin shugaba ne a ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka ta Amurka. A 1905 ya fitar da ɗan littafi a kan Sarki Leopold na Beljiyam da ta'asar roba a Kwango. Bai tsaya yana la'anta ba, sai ya sa sarkin da kansa yana magana, yana kare kansa, yana ƙorafin cewa ya sayi 'yan jarida ya toshe bakin kowa, amma akwai shaida ɗaya da ya kasa ba cin hanci, wato kyamarar Kodak da 'yan mishan ke ɗaukar hotunan mutanen da aka yanke wa hannu. Game da Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingila a kudancin Afirka, kuwa cewa ya yi yana sha'awar mutumin ƙwarai, kuma in lokacinsa ya yi zai sayi guntun igiyar da aka rataye shi da ita ya ajiye don tunawa. Sadiq, in wannan ba habaici ba ne, mene ne?

Sannan a watan Maris 1906 sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Leonard Wood suka kewaye Musulmin Moro a ramin wani dutse, Bud Dajo, a tsibirin Jolo na Filifin, suka kashe ɗaruruwa har da mata da yara. Shugaba Roosevelt ya aika da saƙon taya murna. Twain ya zauna ya yi wa abin filla-filla cikin tarihin rayuwarsa, ya kira shi kisan gilla. Ku lura da watan. A cikinsa ne Turawan Ingila suka shafe Satiru a kusa da Sakkwato.

Abu_Ammar: Wannan ban san shi ba. Allah ya jiƙan Musulmin.

Fatima_BUK: Malam Sani, ka faɗi cewa cikin tarihin rayuwarsa ya rubuta, amma ba ka faɗi cewa bai fitar da shi a lokacin ba. Ya bar wasiyya a jira bayan ransa, cikakken littafin ma sai 2010 aka fara fitarwa, shekara 100 da mutuwarsa. Jarumtar da aka kulle a akwati fa? Kuma ku karanta littafin tafiyarsa na 1869, da ya bi jirgin Quaker City zuwa Turai da Tanja da Istanbul da Dimashƙa da Ƙudus da Masar. Yadda ya siffanta Larabawa da Turkawa ba daɗin ji, ƙazanta da bara kawai ya gani. Abin da ya rubuta kan 'yan asalin Amurka a 1870 ya ma fi muni.

Sani_Tarihi: Ban musa ba. Sai dai a littafin nan ba wanda ya tsira, har abokan tafiyarsa masu ibada da ke yawo da guduma suna ɓantarar duwatsun wuraren tarihi su zuba a aljihu. Kuma ɗan shekara 31 ne ya yi tafiyar, ɗan shekara 69 ya yi rubutun Kwango. Ni tazarar da ke tsakaninsu nake kallo.

Fatima_BUK: Zagin kowa da kowa ba ya sa zagin ya zama daidai a kan wanda ba shi da bakin ramawa.

Dan_Gwandu: Jama'a, yaro ya tambayi inda dariya take, kun kai shi Kwango kun dawo da shi ta Satiru.

Kawu_Rediyo: Hhh gaskiyarka. Sadiq, ajiye Huck tukuna. Nemi labarin kwaɗon nan na 1865, shi ya fara fito da sunansa, bai fi shafi biyar ba. Wani ɗan caca ne da ba abin da ba ya sa kuɗi a kai, ya horar da kwaɗo tsalle, baƙo ya zo ya ce shi bai ga abin da kwaɗon ya fi sauran kwaɗi da shi ba. Mai kwaɗo ya tafi fadama ya kamo wa baƙon nasa, kafin ya dawo baƙon ya ɗura wa gwanin ƙananan harsasan dalma har wuya. Kada ka karanta a zuci. Ka juya shi da Hausa, ka ba abokanka a majalisa, kuma ka ɗaure fuska.

Sadiq_Fagge: Na dawo da rahoto. Jiya bayan isha'i na gwada a majalisarmu. Na ɗaure fuska kamar yadda Kawu ya ce, har wani ya tambaye ni ko lafiya. Wurin tsallen, da na ce kwaɗo ya ɗaga kafaɗa ya kasa motsi, dariya kaɗan aka yi. Inda suka fashe shi ne da baƙon ya karɓe kuɗinsa zai tafi, ya waiwayo ya sake cewa shi fa har yanzu bai ga abin da kwaɗon nan ya fi sauran da shi ba. Mai shayinmu sai da ya ajiye buta. Amma wani dattijo a wurin ya rantse a Wudil aka yi abin, da zakara, kuma ya san jikan baƙon.

Huck kuwa na koma masa, ina shafi na 130. Har yanzu ban yi dariya ba, amma na daina jiran ta.

Ummu_Hanan: To ka kawo mana na Hausar nan zaure mu ma mu ji.

Jikan_Mai_Rijiya: Ku gafarce ni na zo a makare. Malam Ilu, gaba biyu ƙafa 12 ka ce? Kakana haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma gabansa da na ƙanensa ba su taɓa zuwa ɗaya ba, kullum sai an yi rigima da mai gida wajen biya. Su Turawan gaban wa suke aunawa da shi?